Masu Ƙafa, Masu Jan Ciki, da Kifayen da ke Fitowa Tudu

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu duba yadda dabbobi ke tafiya a doron ƙasa: masu ƙafa biyu, masu huɗu, masu shida, masu ɗaruruwa, da waɗanda ba su da ko ɗaya. A kashi na biyu kuma za mu gangara bakin ruwa, mu ga kifayen da ke fitowa tudu su yi tafiya, har da masu hawa saiwar itace da fuskar dutse. Sai a gyara zama.

Duk abin da zai yi tafiya a tudu, wahala uku ke jiransa. Ta farko nauyi. Wanda ya taɓa wanka a kogi ya san yadda jiki ke yin sakayau a cikin ruwa, domin ruwan ne ke ɗauke masa nauyinsa. Da ya tako gaɓa, kayansa sun dawo kansa. Ta biyu abin turawa. Ba ka yin gaba sai ƙafarka ta tura ƙasa baya, kuma sai ƙasar ta riƙe ƙafar. Shi ya sa tafiya ke gagara a kan santsi, take kuma gajiyarwa a cikin rairayi. Ta uku bushewa da numfashi, domin iska da rana suna shanye ruwan jiki. Kowace ƙafa, kowane kofato, kowane salon jan ciki da za mu ambata yau, hanya ce ta warware waɗannan uku a kan irin ƙasar da dabbar ke takawa.

Mu fara da ƙadangaren da ke kan katangar gidanku. Ƙafafunsa daga gefe suka fito, cikinsa na dab da ƙasa. In zai yi tafiya sai ya karkata jikinsa dama, ya karkata hagu, domin wannan lanƙwasa ce ke ƙara wa takunsa tsawo. Amma tana da tsada. Naman haƙarƙarin da ke lanƙwasa jikin, shi ne kuma ke taimaka masa wajen jan numfashi, don haka gudu da numfashi sosai ba sa yiwuwa gare shi a lokaci guda. Wannan na daga cikin dalilan da za ka ga ya zura a guje, ya tsaya cak, sannan ya sake zurawa.

Doki kuwa ƙafafunsa a ƙarƙashin jiki suke, a miƙe, ƙashi ne ke ɗauke da yawancin nauyin. Bayansa ba ya karkata gefe, sama da ƙasa yake motsi. In yana sukuwa, numfashinsa kan daidaita da takunsa: tsalle guda, numfashi guda. Da haka yake iya cin dogon zango a guje.

To, da wane ɓangare na ƙafa ake taka ƙasa? Mu mutane da tafin ƙafa gaba ɗaya muke takawa, daga diddige har yatsu. Kare da kyanwa da kura a kan yatsu suke tafiya, diddigensu na sama. Doki da jaki sun wuce nan: a kan farcen yatsa guda suke tsaye, wannan farcen ne kofato. Saniya da akuya da barewa a kan farce biyu. Gaɓar nan ta ƙafar bayan doki da ke kallon baya, wadda wasu ke ɗauka gwiwa ce ta juye, diddigensa ne. Gwiwar ta ainihi tana can sama kusa da ciki. Amfanin wannan tsari shi ne ƙafa ta yi tsawo, ƙarshenta kuma ya yi sauƙi, sai taku ya yi nisa ba tare da ɓarnar ƙarfi ba.

Akwai kuma aikin agara, jijiyar nan mai ƙarfi da ke bayan diddige. Duk lokacin da ƙafa ta dira, agara kan miƙe ta ajiye wani kaso na ƙarfin dirar, in ƙafar za ta tashi sai ta mayar da shi. Dabbar da ta fi shahara da cin wannan riba ita ce kangaru ta ƙasar Ostireliya, mai tsalle da ƙafafun baya biyu. An auna an ga cewa tana iya ƙara sauri sosai ba tare da iskar da take shaƙa ta ƙaru ba, saboda agararta ce ke biyan kuɗin ƙarin.

Mahaya sun san bambancin tafiya da sassarfa da sukuwa. Amma an daɗe ana gardama kan abu guda: shin in doki na sukuwa, akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duka ke barin ƙasa? Ido ba ya iya kamawa. A shekarar 1878, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, kowace ta ɗauki hoto yayin da dokin ke giftawa. Hotunan suka raba gardama: ƙafafun huɗu na tashi, amma a lokacin da suka tattaru a ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka saba zana doki da ƙafafu a baje gaba da baya.

In ana batun sauri, ga ma'auni. Mutum na tafiyar kilomita 5 a awa. Usain Bolt, ranar da ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin a 2009, ya taɓa kimanin kilomita 44 a awa. Jimina, mai yatsu biyu kacal a kowace ƙafa, tana kai kilomita 70. Rabbi, siririyar 'yar'uwar damisar nan, tana kusantar kilomita 100, domin ƙashin bayanta na naɗewa yana buɗewa a kowane tsalle, sai dai ba ta iya riƙe wannan gudu ko na minti guda.

Sai dai ba kowace ƙasa ke son sauri ba. Raƙumi ba shi da kofato mai tauri. Yatsu biyu gare shi a kan faffaɗan tafi mai taushi, wanda ke bajewa in ya taka, don kada ya nutse a rairayi. Wannan tafin da ya ci hamada, shi ne ke kayar da shi a taɓon damina, kuma masu raƙuma sun san haɗarin. Takunsa ma daban ne: ƙafafun dama biyu su tafi tare, sannan na hagu biyu, abin da ke sa mahayi rangaji. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, haka suke takawa, domin mai dogayen ƙafafu in bai yi haka ba, ta baya za ta riƙa harɗe ta gaba. Giwa, irin wadda ke dajin Yankari, tana da matashin kitse a ƙarƙashin kowace ƙafa da ke raba nauyinta, kuma duk saurinta ba ta ɗaga ƙafafu huɗu a lokaci guda. Akuya kuwa kofatonta rababbe ne, ɓangarorin biyu na buɗewa su kama dutse.

A nan akwai tunatarwa ga masu dabbobi. Tunda kofato farce ne, girma yake yi kullum. Dabbar da ke yawo a ƙasa mai tauri tana goge shi da kanta. Wadda ke ɗaure a turke, a kan danshi, nata kan yi tsawo ya karkace, ko ya ruɓe. A riƙa duba kofaton jaki da na tumakin kiwo, a gyara, a kuma bushe musu makwanci.

Mu duƙa mu dubi ƙanana. Tururuwa da kyankyaso ƙafa shida gare su, kuma uku-uku suke ɗagawa: ta gaba da ta baya a gefe guda, da ta tsakiya a ɗaya gefen. Kullum uku na ƙasa, kamar duwatsun murhu, waɗanda tukunya ba ta tangaɗi a kansu. A Sahara akwai wata tururuwa mai launin azurfa da ke fita kiwo da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori masu cinta. Masu bincike daga Jamus sun auna gudunta a Tunisiya, suka bayyana a 2019 cewa tana cin santimita 85 a daƙiƙa guda, wato ninkin tsawon jikinta fiye da sau 100. Rairayin na ƙuna, don haka ƙafarta ba ta daɗewa a kai.

Ƙadandoniya ƙafafunta bi da bi suke tashi, daga wannan sai na kusa da shi, saboda aikinta kutsawa cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, abin da ke son ƙarfi fiye da sauri. A 2021 an ba da labarin wata da aka tono a Ostireliya mai ƙafa 1,306. Gizo-gizo kuwa wasu gaɓoɓin ƙafarsa ba su da naman da zai miƙar da su, sai dai ya tura ruwan jikinsa cikinsu da ƙarfi. Shi ya sa in ya mutu za ka tarar ƙafafun sun dunƙule.

Tsaka fa, da ke tafiya a silin kai a ƙasa? Babu gam a yatsunta. Abin da ke akwai gashi ne sirara ƙwarai, dubban ɗaruruwa, kowane ya rarrabu gida-gida a bakinsa. Sukan kwanta a jikin bango dab da dab, har ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin zarrar gashin da na bangon ya isa ya riƙe ta. In za ta ɗaga ƙafa, sai ta naɗe yatsun sama, ta ɓamɓare su sannu.

Sai maciji, wanda ba shi da ƙafa amma salon tafiyarsa huɗu ne. Wanda aka fi sani shi ne lanƙwasa: jikinsa na tura duwatsu da ciyawa da duk wani tudu da ya samu. Saka shi a kan tayil mai santsi, sai ka ga yana ta mutsu-mutsu ba ya ci gaba. Na biyu na masu kauri ne irin kasa da mesa: a miƙe suke tafiya, faffaɗan ɓawon cikinsu na kama ƙasa yana jan su, sawunsu layi guda. Na uku a cikin rami ko wurin hawa: ya dunƙule baya ya kafe, ya miƙa gaba, sannan ya jawo bayan. Na huɗu na macizan hamada ne: a karkace suke tafiya, suna jefa jiki gefe, wuri biyu kawai ke taɓa rairayi mai zafi. Ku lura, masu sauraro, kasa ba ta dogara da gudu ba. Lafewa take yi, launinta ya saje da ƙasa, har a taka ta. Mai fita da dare ya riƙe tocila, mai shiga gona ya sa takalmi mai rufe ƙafa.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Yanzu sai kifi. Fiffikensa na iyo ne, mashaƙarsa, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, a ruwa take aiki. In aka fito da shi, siraran ganyayyakinta kan manne da juna, sai ya shaƙe alhali iska ta kewaye shi. Duk da haka akwai kifayen da suka sami hanya, kuma ba sai mun je nesa ba.

Masunta sun san taurin ran tarwaɗa. A saman mashaƙarta akwai wani nama mai rassa da ke ɗaukar iska kai tsaye, shi ya sa take yin awoyi a kwando da ranta muddin fatarta na da danshi. In kududdufi ya fara ƙafewa, ko ruwan ya ɓaci, takan fito da dare, musamman bayan ruwan sama. Sai ta kafa ƙayar fiffikenta na gefe a ƙasa, ta kaɗa jela ta juya jiki a kanta, ta kafa ta ɗaya gefen, ta sake juyawa. Tafiya ce ta wahala, amma tana kai ta wani ruwan. Wata 'yar'uwarta ta kudu maso gabashin Asiya, da aka kai jihar Fulorida ta Amurka a shekarun 1960, ta kuɓuce ta bazu, har masu kiwon kifi suka riƙa kewaye tafkunansu da shinge don hana ta shiga. Ga masu kiwon tarwaɗa a gida, darasin a fili yake: kada ruwa ya cika har baki, a rufe da raga, a kuma lura cewa yawan yunƙurin fita na iya zama alamar ruwan ya lalace.

Gaiwa kuwa, ta fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, huhu gare ta na sosai. In aka hana ta ɗago kai ta shaƙi iska, mutuwa za ta yi a cikin ruwan. In rani ya zo ba ta neman wani tafki. Sai ta tona cikin taɓo, ta naɗe, yauƙin jikinta ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar ƙofar iska, ta kwanta wata da watanni. Maganar da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci tana da tushe, domin naman jikinta ne ke ciyar da ita har damina. Fiffikenta huɗu ne, sirara. A 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago suka ɗauki hotonta na bidiyo a cikin tanki, suka ga tana taka ƙasan ruwa da na baya biyu, wani lokaci ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci tare, har tana ɗaga jikinta da su.

Akwai kuma wani kifin kogunanmu, na Neja da Chadi da Nilu, dogo mai taurin ɓawo, da jerin 'yan ƙananan fiffike a gadon bayansa. Shi ma yana da huhu. A Jami'ar McGill ta Kanada an reni 'ya'yansa a kan tsakuwa mai danshi, ba a cikin ruwa ba, na kusan wata 8. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna cewa sun fi 'yan'uwansu na ruwa iya tafiya: suna ɗaga kai sama, suna kafa fiffike kusa da jiki, ba su cika zamewa ba, har ƙasusuwan kafaɗarsu sun sauya siffa. Wato ƙasar da aka taka tana gyara jikin mai takawa tun yana ƙarami.

Gwanin su duka yana gaɓar tekun Afirka ta Yamma, daga Sanagal har Angola, kuma yana da yawa a yankin Neja Delta. Za mu kira shi kifin taɓo. Tsawonsa bai cika wuce taƙi guda ba, idanunsa a tsakar ka. Mazauninsa dazukan bakin teku ne, inda itatuwa ke tsaye a kan dogayen saiwoyi cikin ruwan gishiri. In teku ta janye, sauran kifaye su bi ta, shi sai ya tsaya a kan taɓo yana farautar ƙwari da ƙananan ƙaguwa. Fiffikensa na gaba na da tsoka da lanƙwasa. Yakan jefa su biyun gaba tare, ya dogara, ya jawo jiki. In ya tsorata sai ya naɗe jela ya yi tsalle. In ruwa ya dawo, yakan hau saiwar itace ya zauna. Numfashi kuwa ta fata yake yi da cikin baki, don haka a kai a kai yake birgima a taɓo don ya jiƙe. Idon ma yakan janye shi cikin kai ya jiƙa. Namijin na tona rami, ya riƙa guntso iska a baki yana kai wa ƙwan da ke ciki. Kifin da ke numfashi da fata kuwa, rayuwarsa na rataye da tsabtar taɓon. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna yadda malalar ɗanyen mai ta kashe irin waɗannan dazuka.

Wajen hawan dutse, sai tsibiran Hawai. Akwai ƙananan kifaye da ake ƙyanƙyashewa a rafukan kan duwatsu, ruwa ya kwashe su zuwa teku, in sun ɗan tasa su kamo hanyar gida. Fiffikensu na ciki ya haɗe ya zama abin mannewa. Wani jinsinsu ma, cikin kwana biyu bakinsa kan sauko daga gaba ya koma ƙasa, sai ya riƙa kama jiƙaƙƙen dutse da baki, ya jawo ciki ya manna, ya sake miƙa baki. Wani jinsin ana samunsa a saman magangarar ruwa ta Akaka, mai tsayin mita 135. Ta Gurara da ke jihar Neja kusan mita 30 ce. Ku ninka ta huɗu, ba ku kai ba. A kogunan cikin duwatsu na ƙasar Tailan kuma akwai wani makahon kifi da aka gano a 2016 cewa ƙashin ƙugunsa a haɗe yake da ƙashin baya, yana hawa dutse da fiffike huɗu, na gaban dama tare da na bayan hagu.

Masana na bibiyar waɗannan kifaye saboda abin da ake tonowa a duwatsu. A 2004, a tsibirin Ellesmere da ke can arewacin Kanada, an tono ƙasusuwan wata halitta da aka sa wa suna Tiktaalik, da aka ƙiyasta shekarunta miliyan 375. Tana da ɓawo da fiffike irin na kifi, amma tana da wuya, kuma a cikin fiffiken akwai ƙasusuwa masu tsarin dantse da wuyan hannu. Ƙashi ba ya motsi, don haka mai son sanin yadda irin wannan halitta ta yi tafiya, sai ya zauna ya kalli gaiwa da kifin taɓo.

Jama'a, abin da za mu riƙe shi ne, kowace dabba da ƙasarta aka auna ta. Tafin raƙumi na rairayi ne, kofaton akuya na dutse, fatar kifin taɓo ta taɓo mai tsabta. In aka sauya ƙasar, an taɓa dabbar ko da ba a ɗaga mata hannu ba. Tarwaɗa na iya jan jiki daga wannan kududdufi zuwa wancan, amma sai in akwai wancan ɗin. Gaiwa na iya jiran damina a ƙarƙashin fadama, amma ba in an cike fadamar an yi gini a kai ba. Kafin a datse rafi, ko a zuba dagwalo a kududdufi, a tuna da masu hanya ta wurin.

Ga malaman makaranta da iyaye, ga aikin da ba ya cin ko kwabo: a share fili mai laushin ƙasa da yamma, da safe a kai yara su duba sawun da aka bari, su faɗi wane ne ya wuce, da ƙafa nawa, da wane ɓangare ya taka.

A nan za mu dasa aya.  Sai Allah ya kai mu wani makon, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)